Gangaren da Aka Hana Kikuno

A ƙauyenmu, can cikin tsaunukan Tamba, mutum zai iya zaunar da kai ya zayyana maka abin kunyar gidansu tun daga kan kakansa, amma ba zai gaya maka inda yake cirar matsutake ba. Duk naman kazan da ke tsibiran Japan babu mai darajarsa, babu kuma mai tsirfa irin tasa. Ba ya yarda a shuka shi. Da kaka kaɗai yake leƙowa, a gindin jan matsu, itacen nan mai ganye kamar allura, shi ma ba kowane gindi ba. Yana da gurbinsa a ƙarƙashin ƙasa, kuma nan yake komawa kowace shekara. Wanda ya san gurbi, shi kaɗai ya sani. Sai ya ga alamar kwana ya ƙare sannan ya jawo ɗansa namiji ya raɗa masa a kunne. 'Ya mace ba a gaya mata, wai ita ta gidan wani ce, gobe sai ta naɗe sirrin cikin kayan aurenta ta kai wa surukai. Haka muka taras, haka kuma aka yi wa Kikuno 'yar gidan Isaburo.

Isaburo shi ne gwanin gwanaye a zamaninsa. Ɗan siririn mutum, ƙafafu kamar na zalɓe, magana kuwa sai ka roƙa. Da kaka ta kama zai fita tun da jijjifi, yau ta bayan rumbu, gobe ta cikin rafi don kada a ga sawunsa, jibi ya nufi gabas alhali yamma za shi. Samarin gari sun sha bin bayansa, sun sha dawowa da ƙaya a ƙafa. Hantsi na yi sai ga shi da kwando an lulluɓe da ɗanyen ganye, ƙamshi na biye da shi har ƙofar gida. In an ce, "Isaburo, yau kuma daga ina?" sai ya ce, "Daga dutse." Sai ka ce wani ya ce masa daga teku ya fito.

'Ya'yansa biyu ne. Kikuno ce babba, sai ƙanenta Tadao, wanda aka samu bayan an daɗe ana jira. Tadao tun yana ƙarami ba sa ga maciji da daji, ƙwaro kaɗan ya taɓa shi sai ya kumbura ya wuni yana kuka. Kikuno kuwa in ba a gan ta a gida ba, to tana kan dutse. Wata rana tana yarinya aka aike ta itace, ta tsaya a gefen hanya tana shinshina iska, ta durƙusa ta yaye busasshiyar allura, sai ga kan matsutake ko buɗewa bai yi ba. Ta taho da gudu da shi a tafin hannu. Uban ya karɓa, ya juya shi, ya kai hanci, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Da ma hancin nan a fuskar Tadao aka dasa shi." Ita a lokacin ta ɗauka yabo ne. Sai da ta yi wayo maganar ta fara yi mata ciwo, kuma ciwon bai warke ba.

Shi matsutake ɗan gidan talauci ne. Ƙasa mai taki ba ta yi masa. Yana son wuri a share tas, rana na taɓa ƙasa, iska na wucewa. A da ba wanda ya damu ya san haka, domin talaucinmu ne yake yi masa aikin. Da sanyi ya shigo duk gari ake hawa da manjagara, a tattara allurar da ta zuba, a sassare ƙananan itatuwa, a goyo a kawo gida a hura wuta. Ana share gurbin kowa ba tare da an san an share ba. Sai aka kawo tukunyar gas. Mata suka huta da hayaƙi, kuma ni ban ga laifinsu ba. Samari suka bi jirgin ƙasa. Tadao ma ya bi, ya sami aiki a wani kamfanin firiji a Osaka, ya yi aure a can, ya ajiye tumbi. Ba a jima ba uwarsu ta rasu. Dutsen gidan Isaburo ya rage daga tsoho sai 'yarsa.

Ita ta ɗauki manjagara. A tsakiyar hawan akwai wani ɗan gunkin dutse da ake ɗaura wa jan ƙyalle a wuya, irin na bakin hanya. Ranar da za ta fara shara ita kaɗai, Isaburo ya kai ta gaban gunkin ya tsaya.

"Daga nan zuwa ƙasa ki share yadda kike so. Daga nan zuwa sama ba ruwanki. Ko iska ta ɗauke miki hula ta kai can, ki bar mata."

"Baba, can ma ai yana son shara."

"Ina da hannu."

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Taron jama'a na iya share gurbi ba su lura ba, amma mutum ɗaya mai hanci irin na Kikuno, in ya ja manjagara ya ga ƙasa ta yi fari-fari kamar toka, ai ya gama gane nan ne gurbi.

Tana cikin shekarun aure wani mai awara daga kwarin da ke bayan namu ya fito, sunansa Sakuji. Mutum ne mai fara'a, hannayensa kullum jajur saboda ruwan sanyi. Ya yi ta zarya a kan kekensa, yana ajiye mata awara a kwano ba ya karɓar komai. Ta so shi, wannan ba sai an faɗa ba. Duk wanda ya ga yadda take gyara ɗankwali in ta ji ƙararrawar keken ya sani. Isaburo bai hana ba. Cewa kawai ya yi, "Ai dama 'ya mace baƙuwa ce. In ta tashi tafiya sai a ce ta gai da gida." Maganar nan ce ta tsaya wa Kikuno a rai. Ta zauna ta yi tunaninta ita kaɗai. In aure ne ke mai da mace bare, to ita ba za ta yi ba. In ta zauna ta tsufa a gidan, da wane baki za a ce za ta kai sirri wani wuri? Ta sallami Sakuji. Ya je ya auri wata, suka cika gida da 'ya'ya.

Ƙawarta Hatsuyo, wadda bakinta ba shi da linzami, ta same ta a bakin rafi tana wanke kabeji.

"Ke kam an yi wawuya. Kin bar mai awara kin auri manjagara. To amarya, ya kwanan ango? Haƙora dai yana da su, sauran ne ban sani ba."

"Ki ƙyale ni, Hatsuyo."

"Na ƙyale ki. Amma ki ji da kyau, tsohon nan ko za ki mutu kina yi masa bauta ba zai buɗa miki baki ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gardin yana can Osaka yana jiran akwati."

Maganar akwati gaskiya ce. Kowace kaka, matsutaken farko ana ajiye shi a gaban allunan da ke ɗauke da sunayen kakanni, masu bi masa kuma, zaɓaɓɓu, a jera su cikin ɗan akwatin katako a aika wa Tadao. Kikuno ce mai jerawa, ita ce mai ɗaurewa, ita ce mai kaiwa gidan waya. Matsutaken da ya buɗe ko tsutsa ta taɓa shi ne ake yankawa cikin shinkafa a ci a gida.

To ga abin da Isaburo bai taɓa sani ba, Hatsuyo ma sai da aka tsufa ta ji. Kikuno ta san gurbin. Ba kuma bin sawunsa ta yi ba. Wata safiya ta zagaya ta doron dutsen maƙwabta tana tsintar 'ya'yan itace, ruwa ya tsuge, ta fake a ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa. Tana nan tsugune sai ta hango uban a ƙasa da ita, a wani ɗan gangare mai kallon mafaɗar rana, inda wasu tsofaffin matsu suka yi da'ira. Yana durƙushe yana laluba ƙasa da tafin hannu, ya sa ɗan tsinke ya ɗago, ya murɗa a hankali, ya mai da ƙasa ya danne ramin yadda ake lulluɓe jariri. Fuskarsa a sake, har da 'yar waƙa yake yi. Ita ba ta taɓa ganin wannan fuskar a gida ba. Ta toshe bakinta har ya gama ya tafi. Ta koma ta dafa masa abinci, ta zuba masa shayi, ba ta ce uffan ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wani zai ce to ai shi ke nan, ta sami abin da take nema. Wanda ya faɗi haka bai san Kikuno ba. Sanin wurin bai rage mata komai ba. So take uban ya kira sunanta ya ce, taho in nuna miki, da bakinsa, da ransa, yana sane da cewa ita yake gaya wa. Abin da aka gani a laɓe sata ne a wurinta, kuma ba ta yarda ta zama ɓarauniya a dutsen da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana sharewa ba.

Shekaru suka yi ta tafiya, gwiwoyin Isaburo suka fara ba shi kunya. Da farko yana share saman rabi da rabi, daga baya ya koma sai da kaka yake iya hawa, da sanda, yana hutawa a kan kowane kututture. Kwandon ya koma rabi, ya koma 'yan ƙwayoyi a cikin hula, ya koma babu. Ƙasan gunki, inda Kikuno ke sharewa, matsu na tsaye garau. Saman gunki kuwa daji ya rufe. Itatuwa masu faɗin ganye suka taso suka tare rana, ganye ya taru ya ruɓe, ga kuma ciwon nan mai busar da matsu ya shigo yankinmu. Daga bakin gunki tana hango kawunan itatuwan suna yin ja ɗaya bayan ɗaya.

Ta roƙe shi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

"Baba, ka bar ni in hau in share. Ba sai ka nuna mini komai ba. Duk gangaren zan bi, ido a rufe ma in kana so."

"Hancin fa? Shi ma za ki rufe?"

"Wurin zai mutu."

"Wurin ya girmi kakana. Tadao na nan zuwa."

"Tadao ko takalmin hawa dutse ba shi da shi."

Tsohon ya dire kofin shayinsa. "Kin fara yi wa ƙanenki baƙin ciki ke nan."

Ta tashi ta kwashe kwanuka.

Da ta so da ta hau a ɓoye. Tsohon da ba ya iya kai kansa bakin rafi, ina zai sani? Hatsuyo ta faɗa mata haka har bakinta ya gaji. Sau da yawa Kikuno ta kai gaban gunkin da manjagara a kafaɗa, ta tsaya, ta juyo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi ya kafe ba zai faɗa ba, ita ta kafe ba za ta taɓa ba sai ya faɗa, gurbin kuma yana can yana shaƙewa. Ni har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ban san wanda zan fi jin haushi a cikinsu ba.

Kakar da Isaburo ya yi kwanciyar da ba tashi, Kikuno kanta ta yi furfura, bayanta ya fara ranƙwafawa. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke ba shi kunun shinkafa a cokali. Hankalinsa kuwa ko ɗigo bai ragu ba. Wata safiya ya ce, "Kira mini Tadao." Ta san abin da ake kiran ɗa namiji a kansa. Duk da haka ta sa rai. Ta ce a ranta, wataƙila ya haɗa mu mu biyu, ai yanzu kam ya ga ba inda na je.

Tadao ya iso da hantsi a motarsa, ya yi sanƙo, da takalmi mai sheƙi da kwalin biskit a hannu. Ya durƙusa a gefen shimfiɗa. Kikuno na zaune daga ƙasa tana matsa wa tsohon ƙafa.

"Kikuno, je ki ɗora ruwan shayi."

"Akwai a buta, Baba, da zafinsa."

"Ɗora wani."

Ta fita ta ja ƙofa. Ƙofofinmu na takarda ne, ba sa riƙe magana, don haka ta wuce har bayan gida wajen tulin itace, kada gobe a ce ta saurara. Tana nan tsaye har Tadao ya leƙo ya ce Baba na kira.

"Ki kai shi gunki, don ba zai gane hanya ba," in ji tsohon. "In kun je ki tsaya nan. Ki ba dutsen baya."

Ta ɗauki lauje, ta ara wa Tadao tsohon takalmin uban, suka hau. Kafin su kai gunki ya jiƙe sharkaf da gumi, yana haki. Ta zauna a kan dutse ta juya baya kamar yadda aka ce, shi kuma ya kutsa. Tana jin sa yana karya rassa, yana tsaki, ya yi nisa, ya dawo kusa, ya sake yin nisa. Da ya gaji ya fito da ƙujewa a kumatu, wando duk ƙaya.

"Yaya, ni fa ban gane komai ba. Ya ce matsu mai reshe biyu, ya ce wani dutse mai rumfa a hagu, ko dama ya ce ma? Duk daji ne, ko wurin sa ƙafa babu. Ki taimake ni ki zo ki duba."

"An ce in tsaya nan."

"Haba Yaya, wa zai sani? Ni me zan yi da wurin nan? Likita ko bene ya hana ni hawa. Ki riƙe abinki, na bar miki."

Wannan "na bar miki" ta fi mari zafi. Abin da ta ƙi aure saboda shi, ta tsufa saboda shi, ga shi ana miƙo mata kamar ragowar abinci. Sannan ta tashi ta wuce gunkin, karo na farko tun ranar da aka shata mata iyaka. Ba ta nemi kwatance ba. Ta sa lauje tana sara tana ratsawa, Tadao na biye da ita yana surutu, har ya lura ko sau ɗaya ba ta tsaya duba hanya ba.

"Dama kin sani?"

"Tun ba a haifi 'yarka ta fari ba."

Da'irar matsun tana nan, amma duk sun bushe, ɓawo ya zube, ɗaya ma ya faɗi ya ruɓe. Kikuno ta durƙusa inda ta ga uban ya durƙusa. Ta sa hannu tana tona ruɓaɓɓen ganye, baƙi, jiƙaƙƙe, har hannun ya nutse zuwa gwiwa. Babu farar ƙasa, sai tana da ƙwari. Ta ɗebo ta kai hanci, ta koma wani gindin ta sake, ta bi su duka.

"Ya mutu?" in ji Tadao.

"Ya daɗe."

Ba ta yi kuka ba. Baƙin cikin ya wuce na kuka, domin ta san cewa da ta hau ta share tun shekarar da ta fara roƙo, da yanzu wurin yana raye. Ba ta yi wa kanta ƙarya a kan wannan ba. Ta goge hannu a ciyawa ta ce su sauka.

Can ƙasa da gunki, a gefen da ta yi shekaru tana sharewa, akwai wani ɗan ƙaramin gurbi da ya kama bayan tsohon ya daina hawa. Daga nan take ɗan kawo abin da ake sa wa a shinkafa. Ta ratse, ta laluba, ta ɗago guda ɗaya mai kauri wanda bai buɗe ba, ta naɗe a ganye ta miƙa wa ƙanenta.

"Ka kai masa. Ka ce can ka samo."

Suka tarar da shi ido biyu, yana kallon ƙofa. Tadao ya durƙusa ya warware ganyen. Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya kai hanci, ya ja numfashi, fuskar nan ta sake kamar yadda ta gan ta a gangare.

"Ka ji ƙamshi ko? Na ƙasan nan da Kikuno ke kawowa ba su kama ƙafar wannan ba. Akwai da yawa?"

"Akwai, Baba."

"Na gaya muku ba ya mutuwa." Ya ɗan huta, sannan ya rage murya, ko da yake Kikuno na tsaye a bakin ƙofa, ta cusa hannayenta cikin riga don kada ya ga baƙar ƙasar da ke farcenta. "Ita fa? Ta gani?"

Tadao ya sunkuyar da kai. "A'a Baba, a gunki ta tsaya. Ko waiwayowa ba ta yi ba."

"Yauwa," in ji Isaburo, ya lumshe ido. "'Yar kirki ce. Ta san matsayinta."

Duk tsawon rayuwarta wannan ne yabon da ta samu daga bakinsa, kuma bai ƙara wata doguwar magana ba har ya cika bayan 'yan kwanaki. Amma a ranar, kafin barci ya ɗauke shi, ya miƙo mata matsutaken ba tare da ya buɗe ido ba, ya ce ta yanka ta dafa wa ƙanenta shinkafa, yaron ya sha wahalar hawa. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta shiga madafa.